Ku Tambayi Anti: Maigida ya kafe sai dogon otal a Dubai

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, ina ɗan taɓa sarin abaya da turare. Maigidana ya yi alƙawarin kai ni Dubai na mako guda, amma ya kafe sai mun sauka a irin dogayen otal ɗin nan masu tauraro biyar, wai ya gaji da ganin su a waya. Ni kuwa ko bene hawa uku na leƙa sai jiri ya ɗebe ni, ga shi ina son shiga kasuwa in yi sari. Kuɗin ba na wasa ba ne. In yarda ko in hana shi?

Maman Biyu, Kano

Wa alaikumus salam Maman Biyu. Allah ya bar ƙauna, ya ƙara wa maigida buɗi. Kada ki kashe masa gwiwa, amma ki roƙe shi ku raba makon biyu: kwana biyu a sama don ya cika burinsa, sauran kwanakin ku yi su a unguwar Deira kusa da kasuwa.

Dalilina shi ne nisa. Dogayen otal ɗin da yake gani a waya ba a bakin kasuwa suke ba. JW Marriott Marquis, mai tsayin mita 355, yana unguwar Business Bay. Gevora, wanda aka buɗe a 2018 ya ɗara shi da mita ɗaya tak, yana kan titin Sheikh Zayed. Wasu kuma suna can Marina, fiye da kilomita 30 daga Deira, inda kasuwar Naif da kasuwar zinare suke. Ki kwana a Marina ki riƙa zuwa sari, kamar ki kwana a Kura ne kullum ki yi sammakon Kantin Kwari. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari tun 2009, mai tsafta, har da taragon mata da yara, kuma tashar Baniyas Square tana kusa da Naif. To amma wa zai shiga jirgi da ƙullin abaya dozin uku? Tasi za ki hau, ga cunkoson yamma, ribar sarin ta tafi a mota.

Batun jiri kuwa, ki kwantar da hankalinki. Tagogin irin waɗannan ɗakuna gilashi ne mai kauri, yawanci ma ba sa buɗuwa. In kin ja labule, ba abin da zai tuna miki cewa kina hawa na sittin. Abin da za ki ji a jikinki lif ne: yana cilla sama kunnuwanki za su toshe, ki haɗiye yawu sau biyu su buɗe. Ranar da iska ta yi ƙarfi wataƙila ki ji ginin yana ɗan ƙara ko ki ga ruwan kofi yana rawa. Haka aka ƙera shi, ya riƙa ɗan lanƙwasa da iska, ba faɗuwa zai yi ba. In duk da haka ranki bai kwanta ba, ki ce wa masu karɓar baƙi su ba ku ɗaki a hawa na ƙasa-ƙasa, ba abin kunya ba ne. Ni dai duk inda na sauka, kafin in kwance akwati sai na karanta taswirar da ke manne a bayan ƙofa, na fita na ga matakalar gudun gobara da idona, domin in wuta ta tashi ba a hawa lif.

Yanzu ga inda nake so maigida ya buɗe kunne, wato aljihu. Farashin da ake gani a intanet sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba. Akwai kuɗin hidima kashi 10 cikin 100, da na hukumar birni kashi 7, da harajin kaya kashi 5, sannan otal mai tauraro biyar yana karɓar dirhami 20 a kowane dare a matsayin kuɗin yawon buɗe ido. Dala ɗaya dirhami 3.67 ce, sai ya yi lissafi tun daga gida, ya kuma duba ko an haɗa da karin kumallo. Ranar shiga za su riƙe wani kuɗi na jingina a katin banki, kuma yakan ɗauki kwanaki bai dawo ba bayan an fita. Katin naira ba abin dogaro ba ne a wannan wuri, ya tafi da katin asusun dala ko tsabar kuɗi. Kuma kada ya biya ɗakin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito.

Sai ɗan firijin da ke cikin ɗaki. Ki kiyaye shi, Maman Biyu. Lemo da gyaɗa da cakulan da ke ciki ba kyauta ba ne, ninkin ba ninkin farashin kanti ake sa musu, wasu firijin ma da zarar an ɗaga kwalba sun rubuta a lissafinku. Wani lokaci har da giya a ciki, sai ki buga waya ki ce a zo a kwashe. Ruwan da aka ajiye kusa da butar shayi shi ne yawanci na kyauta.

Ibada ba za ta ba ki wahala ba. Ki ɗaga kai ki duba silin ko cikin durowar gefen gado, za ki ga 'yar kibiya mai nuna alƙibla, darduma kuma in babu ki tambaya a kawo. Banɗaki akwai mesar tsarki, ba sai kin yi dakon buta daga Kano ba. In tafiyar ta faɗo cikin azumi, ki sani wanda ke can ƙololuwa yana ganin rana bayan ta ɓace wa na ƙasa. A 2011 malaman Dubai suka ce mazauna dogon ginin Burj Khalifa, mai tsayin mita 828, da ke sama da hawa na 80 su ƙara minti biyu kafin buɗa baki, na sama da hawa 150 kuma minti uku.

Ana ba da ɗaki ne wajen ƙarfe uku na rana, a karɓe shi sha biyun rana. In jirginku na asuba ne, ku ajiye kaya a wurinsu ku fita yawo. Katin ƙofa kuma ya zauna a jakarki, don a wurare da yawa lif ba ya kai ki hawanku sai kin kara shi.

In da ni ce, sai in fara da Deira, in gama sari, in miƙa kaya ga masu kago, sannan mu hau sama a kwana biyun ƙarshe da 'yar jaka ɗaya. Ku roƙi ɗakin da ke kallon Burj Khalifa tun wajen yin rajista, domin ɗakunan da ke bayan ginin wani lokaci titi da wuraren gine-gine kawai suke kallo. A gaida maigida da 'yan biyu.