Littafin barga da ranar sukuwa

Ɗana, jiya da muke ɗaure akawal a turke bayan kilisa ka yi mini tambayar da na san ta daɗe tana cin ka. Ka ce, "Baba, dawaki bakwai ne a bargar nan, kowanne na san shi kamar yunwar cikina. Me ya sa sai na rubuta kome a littafi kullum? In ma aiki ya sha kaina, ina laifi in bari sai Juma'a in cike na mako gaba ɗaya?" Na ce ka bari mu huta tukuna. To, gyara zama.

Sanin dawaki kam ka san su, ban musa ba. Amma masu shirya sukuwa ba su taɓa shafa wuyan dokinka ba. Takarda ce a gabansu: suna, iri, shekaru, nisan da doki ya saba, da abin da ya taɓa ci. Da ita suke raba aji bisa irin doki, Arewa daban, Talon daban, 'yan Sudan daban, Tarabared na Turawa daban. Da ita suke yanke wa zai yi gajeren zango na mita 1,000 ko 1,200, wa zai yi mil guda, wato mita 1,609, wane tsere za a fara da shi, wane za a ajiye sai rana ta yi sanyi manyan baƙi sun zauna. Inda ake daidaita nauyi kuma, ita ke faɗin dalmar da za a sa a ƙarƙashin sirdi. Wannan takarda daga littafinka aka kwafe ta. Jadawalin da kake gani an manna a filin sukuwa, littattafan barga talatin ko arba'in ne aka ɗinke wuri guda. Ɗinki ɗaya ya warware, rigar kowa ta ja.

Yanzu batun cikewar Juma'a. Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Celsius. Ɗauka ranar Talata ka auna kili ka sami 37.8, Laraba 38.3, Alhamis 38.7. In ka dubi na Laraba shi kaɗai ba ka ga kome ba. Sai an jera ukun a shafi ɗaya ido zai ga cewa hawa suke yi, a kira likita tun kafin majina ta fito. In ka bari sai Juma'a me za ka rubuta? Za ka rubuta 38 sau uku, da zuciya ɗaya, kana ganin gaskiya ka faɗa. Haka geron da ya rage a komi. Yau ya bar rabin mudu, ka ce zafi ne. Jibi ya bar mudu guda, ka manta da na shekaranjiya. Ƙwaƙwalwa matsakaici take riƙewa, ciwo kuwa a ɗan bambancin nan yake fara leƙowa.

Saboda haka ranar da ka manta, kada ka cike. Ja layi ka rubuta "ban auna ba". Zan yi maka faɗa, amma faɗan minti biyu ne. Gurbin da aka bari a buɗe na san in yi hattara da shi, wanda aka toshe da ƙiyasi shi ke yaudarata.

Ni ma da kunya na koya. Ina kamar shekarunka, maigidana ya bar mini wani bidi da muke shiryawa tseren mil a wani gari. Saura kwana tara na shafa jijiyar ƙafarsa ta gaba ta hagu na ji ta fi ta dama ɗumi. Ba ya ɗingishi, yana cin harawarsa sosai. Na zuba masa ruwan sanyi, na ce gobe in bai sauka ba na rubuta. Gobe ya sauka, sai na bar shafin fes. Maigida ya dawo ya duba littafi, ya ga lafiya lau, ya sa aka ba shi gudu mai ƙarfi sau biyu a makon, ya kuma tabbatar wa kwamitin sukuwa da sunan dokin. Safiyar tsere muka kwance shi, sai ga shi yana dafa ƙafar kamar mai taka ƙaya.

Abin bai tsaya a kanmu ba. Dawaki huɗu ne a ajin. Ɗaya bai iso ba, namu ya fita, saura biyu. Kwamiti suka ce ba za a ba da kofi kan dawaki biyu ba, suka haɗe tseren da wani, suka dawo da shi tsakar rana. Akwai wani dattijo da ya kwana biyu a hanya daga Nijar da dokinsa a bayan mota. Ya tsara ciyarwa da shayarwa a kan ƙarfe biyar na yamma, sai aka ce masa ƙarfe ɗaya, dokin kuwa bai daɗe da shan ruwa ba. Jokinsa ma, wato mai hawar masa dokin, yana da hawa biyu da yanzu suka zo a jere, babu hutu a tsakani. Dattijon nan bai zage ni ba, don bai san ni ba ma. Kallon maigidana kawai ya yi ya girgiza kai. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma ran nan mu ne uwar ɗiya. Da na rubuta kalma biyar saura kwana tara, da an janye bidi da wuri, an buɗe gurbin ga wani, jadawali ya zauna yadda yake. Bidin bai sake tsere ba sai bayan damina.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne. A Birtaniya, ranar 7 ga Fabrairun 2019, hukumar tseren dawakinsu ta dakatar da sukuwa a ƙasar gaba ɗaya saboda an sami murar dawaki a jikin guda uku a barga ɗaya. Kwana shida ba a yi tsere ba, sai ranar 13 aka dawo. Barga 174 aka killace, kuma daga rubutu aka gano su: wane doki ya je wane fili a wace rana, ya haɗu da na wa. Da za a buɗe, sharaɗin da aka gindaya shi ne sai dokin da aka yi wa rigakafi cikin wata shida da suka wuce, kuma fasfon doki ake buɗewa a duba kwanan wata. Akwai lafiyayyun dawaki da suka rasa tserensu a makon nan don allurarsu ta haura wata shida. A daidai wannan lokaci murar ta bi ta kan jakuna da dawaki a Sakkwato da Nijar. Da an zo bargarmu an ce, faɗa mana dawakin da naku suka sha ruwa da su a mako biyun da suka wuce, me za ka buɗe ka nuna? Shi ya sa nake sa ka rubuta har baƙon dokin da ya kwana a turkenmu dare ɗaya.

Magani ma haka. Maganin ciwon gaɓoɓin nan da ake kira bute yana kai mako guda ana ganin sa a gwaji. Inda ake gwada jini da fitsari, kuskuren kwana biyu a rubutu ya isa a ƙwace nasara. Inda ba a gwadawa ma haɗarin ya fi, don maganin yana rufe ciwo, doki ya yi gudu a kan ƙafar da ya kamata ta huta, da mutum a bayansa. Rubuta rana, awa, da adadin da aka ba shi. Gyaran kofato kuwa mako huɗu zuwa shida ne, ka lissafa baya daga ranar tsere don kada ya faɗo a jajibere, dokin ya fita yana jin ƙasa.

Shekaru da kamanni, waɗannan ranar da doki ya shigo ake rubuta su. Kada ka karɓi bakin dillali, buɗe bakin dokin. Haƙoran gaba na tsakiya suna sauyawa wajen shekara biyu da rabi, na kusa da su uku da rabi, na gefe huɗu da rabi, a biyar baki ya cika. Sannan ka zana farin goshi, ka ƙirga fararen ƙafafu, ka nuna inda gashi ya yi juyi da inda tabo yake. Turawa da ke dasa wa doki 'yar na'urar shaida a wuya ma ba su tsira ba. A filin Yarmouth a Ingila, cikin Yulin 2017, wata goɗiya ta ci tseren 'yan shekara biyu da sunan Mandarin Princess. Bayan an gama aka gano Millie's Kiss ce, 'yar shekara uku daga barga ɗaya, wadda tserenta ke can gaba a ranar. An ɗaura wa wadda ba ita ba sirdi. Mai horarwar ya biya tarar fam 1,500.

Saura abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma zai same ka. Wata rana mai doki zai zo da abokansa, ya ga ka rubuta cewa ingarmansa ya gaji a mita 1,400, ya ce ka goge, dokinsa mil biyu ma wasa ne. Dokin mai baki ya fi gudu, mun sani. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Ranka ya daɗe, abin da agogo ya nuna ke nan, sai Baba ya zo." Sauran ka bar mini, ni na san yadda nake da shi. In ka goge, za a sa dokin a dogon zango ya zo na ƙarshe a gaban jama'a, kuma tambayar farko da zai yi ita ce wa ke riƙe da littafi.

Gobe bayan asuba ka fara da kili, tun kafin a zuba musu abinci, don jiya na ga ya bar gero a komi. Biro yana nan na ɗaure shi da igiya a jikin ƙusar da littafin ke rataye. Ka rubuta kana tsaye a gefen dokin, sannan ka wuce na gaba.