Tambayi Mai Gyara: Filasma Ta Ƙi Kamawa, A Gyara Ko A Haƙura?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin filasma ne suka cika min waya, kuma ban yi mamaki ba, damina ta kankama a Jos ga tsawa ga wutar da za a kawo a ɗauke a sake kawowa kafin ka gama alwala, duk shekara daidai wannan lokacin ne shagonmu ke cika har a rasa inda za a taka. Na tsinci guda biyar, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Tambaya: Salam Injiniya, dan Allah filasmar da na saya wa 'yata cikin kayan ɗaki ce ta samu matsala, sabuwa dal muka ɓare ta a kwali a 2021, yanzu murya na fita ras amma hoto babu sai baƙi ƙirin, wani mai gyara a unguwarmu ya ce wai gas ɗin ciki ne ya ƙare sai an yi mata ƙari. Nawa ake ƙarin gas ɗin? Daga wata uwa, Bukuru.

Amsa: Hajiya don girman Allah kar ki ba shi ko sisi. Talabijin ba firji ba ce ba kuma tukunyar girki ba, babu wanda ke yi mata ƙarin gas a duk duniya, ko filasma ta gaske ce gas ɗin a rufe yake ruf tsakanin gilasai biyu tun daga kamfani, ba ƙofar ɗurawa ballantana a ƙara. Na biyu kuma Hajiya, taki ma ba filasma ba ce. Mu nan duk tibi mai faɗi da aka manna a bango filasma muke ce mata, yadda kowane dunƙulen miya ya zama Maggi kowane garin wanki ya zama Omo, amma ainihin filasma an daina ƙera ta tuntuni, Pioneer ta riga ta janye jiki, sai Panasonic ta rufe nata a 2014, Samsung da LG su ma suka bi sahu a cikin shekarar. To wadda aka ɓare sabuwa a 2021 LED ce. Ki sa a kunna ta da daddare a kashe fitilar ɗaki, a ɗauki tocilan ɗin waya a haska sikirin ɗin daf da daf, in kin hango hoto dishi-dishi yana motsi to 'yan ƙananan fitilun da ke bayan sikirin ne suka ƙone ko abin da ke ba su wuta, ana canza su jere guda kuma aikin yini ɗaya ne a hannun wanda ya iya. Ki dai canza mai gyara.

Ga masu son tantance tasu: filasma ta gaske nauyi gare ta, mai inci 50 mutum ɗaya ba ya ɗaga ta cikin daɗin rai, gabanta gilashi ne mai tauri ba ya lotsawa in ka danna da yatsa, kuma in ta yi awa ɗaya a kunne ka kai fuskarka kusa za ka ji ɗumi. Ko ka leƙa takardar baya, Samsung lambarta na farawa da PS ko PN, ta LG harafin P ke bin lambar inci kamar 50P, Panasonic kuma za ka ga TX-P ko TC-P ko TH a tsofaffin.

Tambaya: Oga barka da aiki. Ina da gidan kallon ƙwallo, Panasonic ce inci 50 'yar tokumbo, shekara shida tana min aiki ba ta taɓa ko tari ba, ranar asabar ana dab da fara wasa na kunna sai ta yi ƙas ta mutu jar fitila ta hau ƙiftawa, na kai wa wani ya ce sikirin ne ya tafi in sayar masa a matsayin kwandem. Gaskiya ne ko wayo zai min? Daga mai gidan kallo, Unguwar Rogo.

Amsa: Ɗan'uwa ba zan ce wayo zai maka ba tunda ban ga tibin ba, amma wanda ya yanke hukuncin sikirin ya mutu ba tare da ya sa mita ba kuma a take ya taya, ai ka san da walakin goro a miya. Ka koma gida ka kunna ta ka ƙirga ƙiftawar nan, za ta yi adadi ta ɗan tsaya ta maimaita, wannan ba wasa take ba gaya maka take inda ke mata ciwo, Panasonic haka suka tsara nasu. In sau bakwai ne yawanci ɓangaren wani bodi da ake kira SC ne ko 'yan rakiyarsa, sau takwas kuma an fi zargin SS.

Bari in ɗan buɗe maka cikinta don kar a riƙa yi maka turanci a shago kana gyaɗa kai. Sikirin ɗin filasma gilasai biyu ne aka haɗa, a tsakaninsu 'yan mitsi-mitsin ɗakuna cike da iskar niyon da zenon, a mai cikakken HD sun haura miliyan 6, kowanne in wuta ta bi ta cikinsa sai iskar ta fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi kuma ya daki sinadarin fosfo da aka shafe ɗakin da shi ya ba da ja ko kore ko shuɗi. Wato kowane ɗigo fitilar kansa ne, shi ya sa baƙinta ke yin baƙi sosai kuma ƙwallo ba ta jan jela in an buga ta da ƙarfi, ni dai har gobe a kallon ƙwallo ban ga abin da ya kai ta daɗi a kuɗinta ba, ku ce min tsohon yayi na yarda. Amma kunna waɗannan ɗakunan sai da wuta mai ƙarfi, wajen bolt 200 ake magana, kuma manyan bodi biyu ne ke wannan dakon, ɗaya a kowane gefe, LG na rubuta musu Y-SUS da Z-SUS, Panasonic kuma SC da SS. Kusa da na Y ɗin, wato SC a Panasonic, akwai wasu dogayen sirara da muke ce wa bafa, su ke raba wutar layi-layi zuwa cikin gilashi. Su ne suka fi kowa shan zafi kuma su suka fi mutuwa, sai bodin fawa mai kafasitoci da ke kumbura kai kamar fanke.

Inda masu gyara da yawa ke yin gyaran gangar auzinawa shi ne nan, a ga SC ya ƙone a ciro a sa wani a kunna, alhali bafa ce ta yi shot ta kashe shi tun farko, sai sabon ya sake yin ƙas cikin daƙiƙa biyu kuɗi sun bi ruwa, sannan a juyo a ce maka ai sikirin ne. Ni kaina na taɓa yi a farkon koyo, maigidana na tsaye a kaina yana shan shayi bai ce uffan ba har sai da hayaƙi ya tashi, sannan ya miƙo min mita ya ce in auna ƙafafun bafar ɗaya bayan ɗaya, na samu mai shot ɗin a ta sama, ranar ko abincin rana ban iya ci ba. Saboda haka ka ce wa mai gyaranka ya auna bafa kafin ya sa komai, in ya gama kuma ya duba 'yar takardar da ke manne a bayan fanel, wato gilashin sikirin, an rubuta Vs da Va, wato adadin bolt da wannan fanel ɗin ke buƙata takamaimai, ya saita bodin fawa ya dace da su, don kowane fanel da nasa ko da samfurinsu ɗaya.

Matsalar ita ce kayan. Tunda ba a ƙerawa, duk bodin da za a samo maka daga jikin wata matacciyar aka cire, ko a nan cikin gari wajen masu tara kwandem ko a aika Alaba a Legas, kuma lambar da ke jikin bodin ake bi ba sunan tibin ba. Kar ka yarda da cinikin biri a sama, a yi sharaɗi in an sa bai yi ba za a mayar. Wani abu kuma, kar ka ce za ka kwance bayan da kanka don ka ga wani ya yi a YouTube, babban kafasitan fawa na riƙe wuta kusan bolt 400 ko bayan an zare soket.

Tambaya: Injiniya tawa lafiyarta ƙalau sai dai inuwar tambarin tasha da wurin rubuta ci nawa da nawa sun zauna a kusurwa, ko fim na sa suna nan. Akwai magani? Daga wani ɗalibi, Farin Gada.

Amsa: Iri biyu ne ƙanena. Akwai inuwar da ke tafiya da kanta, wannan ka shiga cikin saitin ka nemo wani farin layi da ke ta zarya daga gefe zuwa gefe, yawancin Samsung da Panasonic da LG suna da makamancinsa, ka bar shi ya yi kamar awa ɗaya ko ka sa tasha mai hoto cike da sikirin na 'yan kwanaki. In bayan sati biyu tana nan daram to fosfon wurin ne ya tsufa ya riga na kusa da shi, wannan kam ba bodin da za a canza ya goge shi, sai dai ka rage hasken ka daina barin tasha ɗaya tun safe har dare kar ta ƙara zurfi.

Tambaya: Tawa ƙara take zzzz musamman in hoto ya yi fari, ga zafi kamar murhu, wani abokina ya ce wai don Jos kan tudu take ne. Daga wani magidanci, Rikkos.

Amsa: Malam abokin naka ya ji ƙamshin gaskiya amma bai kai ga tukunyar ba. Haka ne filasma na ƙara yin zuza a wuri mai tsawo, saboda iskar waje ke matse gilasan nan biyu, in aka hau sama matsin ya ragu sai su samu sararin karkarwa. Amma abin ya fi damun waɗanda ke wajen mita 2,000 zuwa sama, Jos kuwa kimanin mita 1,200 take. 'Yar ƙara kaɗan in hoto ya yi fari wadda sai ka kai kunne za ka ji, wannan halinta ne. In kuwa kana jin ta daga kan kujera to a duba sukurorin bodi da na murfin baya ko sun saki, a kuma duba koyil-koyil na Y da Z. Zafin kuma ina da yaƙinin ƙurar hunturun bara na nan ciki, na sha buɗe wasu in tarar da fanka ta daskare da jar ƙasa da yanar gizo har da gawar ƙadangare, sau ɗaya ma gidan zanzaro na samu a jikin ƙarfen sanyaya. A busa mata bulowa sau ɗaya a shekara, a cire wannan kyallen ado da uwargida ke yafa mata, a bar tazara tsakaninta da bango. Tunda damina ce kuma in hadari ya haɗu ka zare soket ka zare wayar dish ma, tsawa ta fi shigowa ta dikoda ta bi HDMI ta cinye babban bodi. In janareto ne ka bari ya daidaita kafin ka kunna ta, ka kuma kashe ta kafin a kashe shi.

Tambaya: An min canjin wurin aiki zuwa Abuja, ina da LG inci 60 ina so in tafi da ita, kuma can inbata da sola zan haɗa. Ya zan ɗauke ta? Sannan akwai wani siririn layi a tsaye da ya fito mata kwanan nan. Daga wata ma'aikaciya, Tudun Wada.

Amsa: Anti layin nan shi ya kamata mu fara dubawa kafin maganar mota. In faffaɗa ne kamar faɗin yatsu uku ko tafin hannu akwai fata, sau da yawa 'yar bodin ƙasa ce ko wayar ribon ta saki. In kuma siriri ne tamkar zare ɗaya daga sama har ƙasa to galibi daga jikin gilashin ne inda aka liƙa a kamfani, ba ya gyaruwa a shagunanmu, sai ki zauna da shi.

Ɗauka kuwa a tsaye, a tsaye, kar ki bari direba ya ce miki ai ga katifa a kwantar. Gilashi ne mai faɗi da nauyi, in ya kwanta tsakiyarsa ba abin da ya tallafe shi, mota na faɗawa rami ɗaya a gangaren Hawan Kibo shi ke nan. An taɓa kawo min wata a bayan a-kori-kura an shimfiɗe ta an ɗora buhun dankali biyu a gefe, daga waje lafiya lau ko ƙwarzane babu, muka kunna shiru, sai da na haska kusurwar ƙasa na ga tsaga kamar gashi ɗaya a gilashin ciki, iskar ta riga ta fice, mai ita ya zauna a kan benci ya yi ta salati, ƙarshe bodin jikinta muka saya. Ki sa a jingina ta tsakanin katifu biyu a ɗaure, a kuma kula da ɗan tsinin gilashi da ke bayan fanel in murfi a buɗe yake, shi ma yana karyewa zance ya ƙare.

Amma tsakani da Allah Anti ki yi lissafi tukuna. Duba takardar bayanta ki ga wat nawa aka rubuta. A ce tana jan 300 a awa takwas kullum, yunit 72 ke nan a wata, LED mai jan 80 kuwa ba za ta kai yunit 20 ba. Da farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sa wa 'yan Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawa, a watan Afrilun 2024, ɗaya ta tashi 16,200 ɗayar kuma wajen 4,300, a kan batir kuwa kafin a gama labaran ƙarfe tara inbata ta fara kuka. Ga layi ya riga ya fito, ga kuɗin mota, ga hawa bene a can. Da ni ne sai in bar wa su Mama ita a falo tana nan a bangonta ba mai motsa ta, in na isa Abuja in nemi LED. In kin tashi zuwa shago ki ɗauko hoton layin da na takardar baya a waya kawai, kar ki wahalar da kanki ki kinkimo ta a Keke.