Gidan Yari, Tubabbe da Tuban Muzuru

Wani ɗalibi daga nan Sakkwato ya rubuto: "Allah gafarta Malam, mun kai abincin buɗa-baki tsohon gidan yarin garin nan. Wani fursuna ya ce da ni shi tubabbe ne, gandiroba ya yi dariya ya ce tuban muzuru. Wane ne Yari? Kuma ashe tubabbe ba wanda ya musulunta ba ne?"

Ɗana, Yari sarauta ce. Shi ne bafaden da sarki ke damƙa wa masu laifi, sai aka riƙa kiran wurin tsarewar da gidansa. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sun bar gidajen yari a hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, har 1968 da gwamnatin tarayya ta karɓe su. Zamanin Turawan ne ya ba mu fursuna da gandiroba. A 2019 doka ta sauya sunan hukumar gidajen yari, shi ya sa kake jin "gidan gyaran hali" a rediyo. Ni dai sunan yana ba ni murmushi, don Bahaushen da ya raɗa shi shi ne ya ce hali zanen dutse.

Tuba kuwa aro ce daga Larabci, tushenta komawa: mutum ya juyo ya bar hanyar da ya ɗauka. Da ta shigo Hausa sai ta yi rassa. Yaro ya ga bulala ya ce "na tuba." Talaka ya durƙusa gaban hakimi ya ce "tuba nake, ranka ya daɗe." Bamaguje ya bar tsafi ya yi shahada, a ce ya tuba, a kira shi tubabbe. To ba ka yi kuskure ba, fursunan ma bai yi ba. Amma kada ka kira wanda ya musulunta tubabbe a gaban idonsa. Da yawa suna jin ta kamar gori.

Muzuru shi ne namijin kyanwa, wadda mu Sakkwatawa muke ce wa mussa. A ritsa shi a akurki, ya lafe, ya kwantar da kunne, ya rufe ido kamar mai istigfari. Ka ajiye sanda, da dare ya dawo wa 'yan tsaki. Sandar ya ji tsoro, kaza na nan a ransa. Malamai sun ce tuba ba ta cika sai an daina laifin, an yi nadama, an ƙudurta ba za a koma ba, an kuma mayar da haƙƙin mutane. Da na ƙarshen nan nake auna "tubabbun 'yan bindiga" da ake ta faɗa: ina shanun?

Amma gandiroban ya yi gaggawa. Wanda ke bayan katanga, a kulle shi da yamma a ƙirga shi da safe, bai ga akurki ba tukuna, balle a san ko muzuru ne. In ka koma, ka tambayi fursunan wa ya zalunta, kuma ko ya aika masa da neman gafara.