Amsar tsoho ga amaryarsa a kan akuyar Kirsimeti

Amaryata,

Saƙonki ya iso ranar Talata da yamma. Ƙaninki ne ya karanta mini, don idona ya daina ɗaukar ƙananan baƙaƙen waya, kuma shi ne ke buga wannan amsar, in kin ga kuskure shi za ki kama. Na ji aikin bautar ƙasa yana tafiya lafiya a Abuja, madalla. Kishiyarki tana gaishe ki, ta ce tunda kin daina cin nama ai kin rage mata hidima.

Kin ce wata 'yar'uwa a zumuntarku ta faɗa muku Allah ya ce kada a yi kisa, don haka yankan dabba zunubi ne, kuma a gonar Aidan ba a ci nama ba. Wata biyu ke nan ba ki taɓa tsoka ba, kina tambaya ko akuyar da muke yankawa kowace Kirsimeti al'ada ce da ta saɓa wa Littafi Mai Tsarki.

Ba ta saɓa ba. Amma 'yar'uwar nan ba shirme zalla ta faɗa ba, don haka ki zauna ki ji.

Doka ta shida cikin Dokoki Goma, a Fitowa 20:13, ina jin da Turanci aka karanta muku ita. Mu da muka tashi da Littafin Hausa ba mu taɓa shiga wannan ruɗani ba, domin namu cewa ya yi kada ka yi kisankai. Ke kin taɓa jin an ce wane ya yi kisankai a kan zakara? Bakinmu ma ya raba su tun asali: mutum ake kashewa, akuya yanka ta ake yi. Kalmar Ibrananci da ke wurin ita ma ta ɗaukar ran mutum ce. Ki koma baya sura takwas kacal, Fitowa 12, za ki ga Musan nan da ya sauko da dokar shi ne ya gaya wa kowane gida na Isra'ila ya yanka ɗan rago a rana ta 14 ga wata, a gasa, a cinye a daren.

Zancen gonar Aidan kuwa gaskiyarta. A Farawa 1:29 tsirrai da 'ya'yan itace aka ba Adamu. Annabi Ishaya ma ya hango ranar da zaki zai ci ciyawa kamar sa. Sai dai tsakanin waccan gonar da wannan ranar akwai inda muke zaune yanzu. Bayan ruwan tsufana, a Farawa 9, Allah ya ba Nuhu duk abin da ke motsi ya zama abincinsa, kamar yadda ya ba da ganye a da. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: kada a ci nama da jininsa a ciki, domin jinin shi ne ran.

Wannan sharaɗin ne na so ki riƙe, don a nan al'adar da kike tambaya take.

Ina yaro, in za a yi yanka a gidanmu, babana da kansa yake ɗaukar fartanya ya haƙa ɗan rami a gindin itacen da ke bayan rumbu, zurfinsa bai wuce taki ɗaya ba. Sai ya sa a kawo ruwa a ƙwarya a ba akuyar ta sha. Wuƙa kuwa can gefe yake wasa ta a kan dutse, ya gwada ta a gashin hannunsa, in ba ta aske ba ya koma. Mu yara mu riƙe ƙafafu, ba dariya, ba surutu. Sau ɗaya yake ja. Jinin ya sauka a ramin, ya jira har jikin ya daina motsi, sannan ya mayar da ƙasa ya take da ƙafarsa. Na taɓa shan rankwashi don na tsoma kara a cikin jinin ina wasa. Babana bai iya karatu ba. Sai da na girma na shiga ajin baftisma na tarar da abin nan a rubuce, Littafin Firistoci 17:13: maharbin da ya kama naman da ake ci ya tsiyaye jinin ya rufe da ƙasa. Maimaitawar Shari'a 12 ta ce ka yanka ka ci a garinka yadda ranka ke so, amma jinin ka zubar a ƙasa kamar ruwa. Har manzanni da suka taru a Urushalima, a Ayyukan Manzanni 15, suka sauke wa al'ummai nauyin kaciya da sauran dokoki, ba su sauke wannan ba. Sun ce a guji jini da naman abin da aka maƙure.

Akwai wasu ƙananan dokoki da ba a cika wa'azi a kansu ba. Kada a yanka saniya ko tunkiya da ɗanta rana ɗaya. In ka tarar da sheƙa, kada ka haɗa uwar tsuntsu da 'ya'yanta ka kwashe, ka saki uwar. Kada a ɗaure bakin sa yana sussuka. Karin Magana 12:10 ta ce adali yana kula da ran dabbarsa. In kina neman inda muke yin laifi a yau, nan ne. Makon jiya na ga an ɗaure kaji wajen ashirin ƙafa ɗaya a bayan a-kori-kura, kawunansu na lilo a rana, bakuna a buɗe. Na ga shanun da aka cusa a tirela kwana biyu ba ruwa, wadda ta kasa tashi a murɗe mata wutsiya har ta karye. Da wannan 'yar'uwar taku ta tsaya a kai, da na miƙe na tafa mata.

Yesu kansa ya ci nama. Bayan ya tashi daga matattu aka miƙa masa gutsuren gasasshen kifi ya ci a gabansu, Luka 24. A bakin tekun Galili shi ya hura gawayi ya ɗora kifi, a safiyar da taru ya jawo kifi 153. Da ya so ya kwatanta murnar uba a kan ɗansa da ya ɓata ya dawo, kiwataccen maraƙi ya sa aka yanka. Wahayin Bitrus a Yafa, inda aka ce masa ya tashi ya yanka ya ci, ba zan jingina da shi sosai ba, ko da yake mutane na son kawo shi. Bitrus da bakinsa ya ce ma'anarsa kada ya kira kowane mutum ƙazantacce, zancen shiga gidan Karniliyus ne.

Sai dai kada ki ɗauka na ce dole ki ci. Daniyel ya roƙi ganye da ruwa kwana 10 a fadar Babila, ya fi masu cin abincin sarki kyan gani. 'Yan'uwanmu Katolika suna barin nama ranakun Jumma'a na lokacin Azumi. 'Yan Asabar, Kiristocin da ke ibada ranar Asabar, na wajen Jengre ba sa kusantar alade, wasunsu ma kowane nama. Romawa 14 ta raba gardamar: mai ci kada ya rena wanda ba ya ci, wanda ba ya ci kada ya ga laifin mai ci. In don lafiyarki ne, ko don tausayi, ko don albashin bautar ƙasa bai kai kuɗin kilo ba, ki ci gaba da abinki. Abin da ba zan yarda ba shi ne a mai da shi doka a ɗora wa ikilisiya. Bulus ya gargaɗi Timoti a kan masu hana abincin da Allah ya halitta domin a karɓa da godiya.

Kin kuma tambaya me ya sa, in dai halal ne a gare mu, muke kiran Musulmi ya yi mana yankan. Littafi bai ce mu yi haka ba. Bulus ya gaya wa Korintiyawa su ci abin da ake sayarwa a kasuwar nama ba tare da bincike ba. Maƙwabtaka ce ta sa. Lokacin da babanki yake ƙarami, katanga ɗaya ta raba mu da gidan wani mahauci. Ranar 24 ga Disamba da asuba zai zo da wuƙarsa ya yanka mana, don in an kai musu kwanon shinkafa da nama su ci hankali kwance. Babbar Sallah kuma babanki ne ke fara tsayawa a ƙofarsu yana jiran soyayyen naman layya. Bayan rikicin Jos na Satumba 2001 suka tashi suka koma wata unguwa, mu ma unguwarmu ta zama ta mu kaɗai. Mahaucin ya rasu, amma ɗansa yana mayanka, kuma har yau in mun haɗa kuɗin watanda a majami'a, shi nake nema ya kayar mana da san, ya kasa kashi-kashi a kan buhu, kowa da hantarsa da tumbinsa da ƙashinsa. Kashi ɗaya ba ya dawowa tare da mu. Samarin majami'a sun sha yi mini ƙorafi a kai, ni kuma na sha yin kamar kunnena ne ya yi nauyi.

Akuyar bana tana ɗaure a bayan ɗaki, ja ce mai farin goshi, ta gama da ganyen gwandar kishiyarki. Ki zo gida dai. In har lokacin ba ki koma ci ba, za a yi miki gwaten acca da yakuwa da gauta, a sayo kabeji da karas a Farin Gada, ba wanda zai ce miki uffan a gabana. Ki taho da rigar sanyi mai kauri, hunturun bana ya fara da wuri. Mai buga wasiƙar nan ya ce in tambaye ki, in kin yafe kasonki na hanta, ki faɗa tun yanzu a rubuce.

Angonki tsoho,
daga Jos