Shin laifi ne buɗe shagon tura waƙoƙi da gem?

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka kama rumfa a Tudun Wada kana tura wa mutane waƙoƙi da gem a waya, kana tambaya ko doka ta hana. Gaskiya ta hana, muddin ba ka da izinin masu kayan.

Dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ita ce ta maye gurbin ta 1988. Ta ba mai waƙa ikon kwafe ta da rarraba ta, har ta intanet, kuma haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Ajiye waƙa don sauraron kanka daban, karɓar kuɗi a kan guminsa daban. Gem ma haka, ko na PlayStation ne ko na waya.

Na san abin ya zama ruwan dare. Ka leƙa Kasuwar Sheikh Gumi ta Kaduna ka ga yaro zaune gaban kwamfuta, memori sun cika faranti, ana layi. Amma ina da aboki mawaƙi a Unguwar Rimi da ya sayar da babur ɗinsa ya biya kuɗin situdiyo. Kafin sati ya zagayo waƙar ta shiga kowace Keke Napep ta manhajar tura fayil ta Xender, shi ko sisi bai gani ba. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Shawarata, ka nemi mawaƙan garin nan da kanka, ku rubuta yarjejeniya, ka riƙa ba su kasonsu. Sauran waƙoƙin kuma ka koya wa masu zuwa amfani da manhajojin sauraron waƙa irin su Audiomack da Boomplay, kai ka haɗa da sayar da data da cajin waya.