Wane ne ɗan ƙwadago?

Wani mai karatu daga Funtuwa ya rubuto yana cewa: "Malam, yayana likita ne, kuma duk wani yajin aiki da za a yi yana kan gaba. Na kira shi ɗan ƙwadago, sai ya ɓata rai. Na yi kuskure ne? Sannan wanda ba ma'aikaci ba amma yana tare da su, me za a ce masa?"

Malam, ba ka yi kuskure ba, amma shi ma yayan naka yana da hujja. A bakin iyayenmu, ƙwadago aikin ƙarfi ne da ake yi wa wani don lada. Da damina za ka ga samari sun yi sammako, fartanya a kafaɗa, su tsaya bakin gona su yi jinga da mai ita, kunya kaza kuɗi kaza. Da rana a kai musu fura, kafin la'asar a sallame su. Waɗannan su ne 'yan ƙwadago na asali, kuma wannan hoton ne ya faɗo wa likita a rai. Ni dai ban ga abin kunya a ciki ba, gumin halal ne.

Ma'ana ta biyu ta bazu ne ta rediyo da jaridu. Da aka buƙaci suna ga haɗakar masu cin albashi, sai aka ce ƙungiyar ƙwadago. Haka muke kiran NLC, uwar ƙungiyoyin ma'aikatan Najeriya, wadda aka kafa a 1978, haka kuma muke cewa Ma'aikatar Ƙwadago. Yau idan ka ji "'yan ƙwadago sun tsunduma yajin aiki", malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya da na ofis, ba masu fartanya ba. Lura da cewa wannan ma'ana ta fi zama daram a jam'i. Da zarar ka ware mutum ɗaya ka ce "ɗan ƙwadago", kunne yakan koma gona. Ka ce masa ɗan ƙungiyar ƙwadago, ko jagoran 'yan ƙwadago in yana riƙe da muƙami.

Wanda ba ya cikin ƙungiya kuwa, sunansa magoyin baya, jam'i magoya baya, daga goyo, yadda uwa ke ɗaure ɗanta da zani ta ɗauki nauyinsa. A Janairun 2012, da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 140, ƙungiyoyi ne suka kira yajin aiki, amma 'yan kasuwa da ɗalibai da 'yan acaɓa suka cika titunan Kano da Kaduna. Ba a yankar musu kuɗin ƙungiya daga albashi. Su ne magoya bayan 'yan ƙwadago, kuma ina roƙon masu fassara labarai su daina cakuɗa su da membobi.