Rawanin Zango da masu mulkin Gana

Malam, ka tambaye ni wa ke naɗa Sarkin Zango a nan Kumasi, har ka ƙara da cewa ka ji wai mun koma gado ta wajen uwa. Wannan ƙarin ya sosa mini rai. Kakata ta wajen uwa 'yar Asante ce, ban taɓa ɓoye ta ba, amma a gidanmu ba a raba gado sai malami ya zauna da littafi. Su Asante, Asantehemaa, wato sarauniyarsu, ce ke fito da wanda zai hau karaga daga dangin uwa, haka Otumfuo Osei Tutu na biyu ya hau a 1999. Tsarinsu ne, muna girmama shi, sarkinmu na zuwa Manhyia, fadar sarkinsu, gaisuwa. Namu rawani ne, kamar naku.

Gwamnati ce ta fi taɓa rawanin nan. A 1957, 'yan watanni da samun 'yanci, Nkrumah ya kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, zuwa Nijeriya don yana tare da 'yan adawa, sarautar ta koma hannun mutumin CPP, jam'iyyar Nkrumah. Soja suka kifar da Nkrumah a 1966. A 1969 Firaminista Busia ya ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Ƙanen kakana, wanda a Kumasi aka yanke masa cibiya, ya karyar da huhunan goronsa ya hau babbar mota, bai san kowa a Kano ba. Can aka riƙa ce masa ɗan Gana. Kakana ya rataye makullin ɗakinsa a ƙusa har ya rasu.

Daga nan sai kujera ta zama ta mai bindiga. Kanar Acheampong ya ƙwace a 1972, abokan aikinsa suka tuɓe shi a 1978 suka ɗora Akuffo, a 1979 gwamnatin Rawlings ta harbe su duka biyu. Duk sanda rediyo ya saki kiɗan soja, dattawanmu sai su fara lissafin wa aka gani da wa a hoto. Shi ya sa kake ganin muna taka tsantsan da masu mulki, kana ɗauka tsoro ne.

Ranar da Shugaba Atta Mills ya rasu a Yulin 2012, da daren nan aka rantsar da mataimakinsa Mahama a majalisa. Mahaifina yana kan buzu, rediyo a kunne. Sau biyu yana tambayata, "Ka tabbata ba soja a titi?"